Kalandar da Aka Yi wa Malam Abdu

Jiya ina zaune nan kan bencin ga, ina jin ɗayanku yana gaya wa wani baƙo wai aikin kalanda ba aiki ba ne. Wai ka buɗe waya, ka rubuta kwanan wata, ta zubo maka abin da ya faru a rana irin ta, ka kwafa ka liƙa, an gama. Ban tanka ba saboda baƙon. To yau babu baƙo, ku aje wayoyin nan ku ba ni kunne. Ni Iro, tun iyayenku na firamare nake cika fallayen kalanda a garin ga, kuma ban yarda yaro ya raina mani sana'a a gabana ba.

Wasunku ko kallon abin da suke bugawa ba su taɓa yi da kyau ba. Kalanda mai yaga kwali ne a baya, dunƙulen takarda a gaba, kowace rana da fallenta. Lambar rana babba a tsakiya, kwanan watan Musulunci a ƙasa, sai layi biyu ko uku: wani abu da ya faru a tarihi, ko haihuwar wani sananne, ko hutu, ko wani wuri na ƙasar nan da ya kamata mutum ya san da shi. Mai gida ya tashi da safe, ya yage ta jiya, ya karanta ta yau. Layukan nan biyu ko uku su ne sana'ata.

Aikin farko da aka ba ni shi ne watan Fabrairu. Maigidana, Baba Bitrus, mutumin Filato ne, maɗaba'arsa na nan kusa da Ƙofar Durbi, kuma sai da na daɗe ina wanke tawada da jera haruffan dalma a akwatinsu kafin ya bar ni na taɓa biro. Ya ce Fabrairu ya fi gajarta, in na ɓata shi ɓarnar ba ta da yawa. Na shiga laburare na zauna cikin tsofaffin jaridu har idona ya yi ja, na dawo ina ta taƙama na cika wata tsaf. Ya sa tabarau ya karanta, bai kai rabi ba ya cire.

"Iro, mene ne wannan? Nan yaƙi, nan jirgi ya faɗi, nan an kashe wane. Mutum zai tashi da safe, ko koko bai sha ba, ka tarbe shi da gawa?"

Na ce, "Baba, ai abin da ya faru ke nan."

Ya ce, "Na sani. A ranar kuma ba a buɗe asibiti ba? Ba a haifi kowa ba? Koma."

Na koma. Nan na fara gane cewa zaɓe shi ne aikin. Abin da ya faru a rana ɗaya ya fi ƙarfin falle, kai ne za ka tsaya ka ce wannan zai shiga gidan mutane, wannan ba zai shiga ba. Kuma ba ya karɓar magana daga baki ɗaya. In na gani a jarida sai na samo a littafi, in na ji a rediyo sai na je gindin hasumiyar Gobarau na tambayi tsofaffin da ke zama wurin, su ma su yi ta gardama da juna har la'asar kafin in samu abin rubutawa. Wayarku baki nawa gare ta? Wanda ya fara zuba ƙarya a ciki, duk duniya ta kwafa daga gare shi, ku ma ku bi layi.

Akwai ranakun da za ka juya su ta ko'ina ba ka samu abin kirki ba. Irin su muke ba dutse ko ruwa. Dutsen Zuma, ruwan Gurara, ruwan ɗumi na Yankari, tsaunin Mambila, tafkin Cadi. Baba Bitrus kan ce dutse ba ya mutuwa kuma ba ya sauya jam'iyya. Da gaske yake, domin kalanda tun kafin shekara ta kama ake rubuta ta. Shi ya sa ba mu sa ranar haihuwar mai rai. Ka rubuta wane ya cika shekara kaza yau, Allah ya ƙaro wasu, ranar ta zo an yi wata biyar da binne shi, ko yana gidan yari. Wa za a zaga? Kai da ka rubuta. Hutun ma ba duka ake yanke wa hukunci ba. Ɗaya ga Oktoba ka rubuta ka kwanta, Kirsimeti haka, amma Ista sai Baba ya tambayo a cocinsu, Sallah kuwa ko ta azumi ko ta layya ba ka taɓa rubuta yau ce. Ana sa rai, in an ga wata. Na ga wata kalanda bara, wani ɗan gaye irinku ya buga Sallah da jan rubutu kamar shi ya rataya watan.

Babbar dokar kuwa a bakin titi na koye ta. Wani ɗan kasuwa ya zo yana son a sa mashi aya a kowane falle, don albarka. Baba Bitrus ya ce a kwali zai sa mashi duk abin da yake so, kwali na nan a bango shekara guda, amma a falle a'a. Mutumin ya hasala, ya ce don Baba ba Musulmi ba ne, ya kwashe aikinsa ya tafi. Ni ma, gaskiya, fuskata ta nuna ban gane ba. Baba bai yi mani bayani ba. Ya ja ni muka fita, ya sayi ƙosai wurin wata mata a bakin hanya, ya miƙo mani. Ƙosan na cikin fallen kalandarmu ta bara, mai ya jiƙe ruwan Gurara sharkaf.

Ya ce, "Ka gani? Duk abin da muka buga a falle nan zai ƙare. Ko ƙosai, ko gyaɗa, ko kwata. Ba na sa maganar Allahnku a ƙasa, ba na sa ta Littafinmu. Abin da ba zai jure taka ba, kada ka ba shi falle."

Kun ji dalilin da ya sa muke cika kalanda da tarihi da duwatsu. Ba don mun rasa addu'a ba ne.

Yanzu ga shekarar da na tara ku don ita. Lokacin Baba ya tsufa ya koma gida, ya sayar da shagon ga wani, ba mai shi na yanzu ba. Kwamfuta ta shigo, an tura akwatunan dalma bayan ƙofa, ni dai an bar ni da rubutun layuka. Wata safiya mota ta tsaya, Alhaji Bishir ya fito. Ɗan kwangila ne, gidansa na GRA, kuma shi ke shugabantar tsofaffin ɗaliban wata firamare ta cikin gari. Muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya muka ji da zafi. Sannan ya ce sun zo su karrama malaminsu.

Malamin na san shi, duk unguwar an san shi. Malam Abdu, Allah shi jiƙan shi. Ya koyar da rabin mutanen Ƙofar Durbi karatu, ya yi ritaya da daɗewa, yana tafiya da sanda saboda gwiwa. Ba shi da mota, ba ya son taro. Abu ɗaya kowa ya shaide shi da shi: kafin ladan ya rufe baki yana sahun farko, kowace salla, tun ina saurayi.

Alhaji Bishir ya zaro takarda ya nuna mana tsarin da suke so. Hoton Malam a kowane falle. Bisimilla da larabci a sama. Cikakken sunansa, Abdurrahman, da larabci da boko a ƙarƙashin hoton, sai addu'a. Labarin rana kuma a matse shi can ƙasa, in ya samu wuri.

Na ce, "Alhaji, niyyar ta yi kyau, Allah shi saka. Amma a maida hoton da addu'ar kan kwali. Zan yi mashi kwalin da ba a taɓa yi wa kowa ba a Katsina."

Ya ce, "Kwali kowa na yi. Mu so muke kullum in an tashi a ga Malam."

"Kullum kuma za a yage shi a yar, ranka shi daɗe."

Ya kalle ni, ya kalli mai shago, ya yi dariya. "Tsohon naku akwai tsari. Malam Iro, wa zai yar da hoton Malam? Ai mutane na da hankali."

Na ce mutane na da hankali, amma fallen jiya fallen jiya ne. Na gaya mashi zancen ƙosai, na gaya mashi zancen kwata. Ya duba agogo. Mai shago ya ja ni gefe yana raɗa, wai kada in kore mashi babban mutum, wai zamanin dalma ya wuce. Na ce hannuna ba zai tsara wannan ba. Ya ce ba a buƙatar hannuna, layukan shekarar na riga na gama su, akwai mai kwamfuta. Kafin azahar an jera hoton a fallen farko, aka danna abu ɗaya ya bazu har ƙarshen Disamba. Kun ga sauƙin da kuke yabo? Da a zamanin dalma ne, wahalar jerawa kaɗai ta ishi mutum ya tsaya ya yi tunani.

Aka buga ba kaɗan ba. Aka yi taro da lasifika, aka zaunar da Malam a kujerar gaba yana ta sunkuyar da kai don kunya, aka miƙa mashi ta farko cikin leda. Aka raba a makarantu, ofisoshi, tasha, shagunan ɗinki, har masu shayi. Kowa ya yaba. Aikin ya fito, wannan ba zan yi ƙarya ba, hoton ya yi kyau ƙwarai.

Janairu bai yi nisa ba na gan shi. Ina zuwa shago da hantsi, sai ga Malam a bakin kwata, ya dogara sandarsa da bango, ya dafa gwiwa da hannu ɗaya, yana miƙa ɗayan cikin ruwan datti. Na ɗauka wani abu ya faɗo mashi. Na ƙarasa da sauri, kafin in iso ya ciro. Fallen jiya ne. Ya karkaɗe shi, ya goge da bakin rigarsa, ya sa a wata leda da ke rataye a hannunsa. Ledar ta riga ta yi ciki.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ka bar wannan, ba girmanka ba ne. Hoto ne kawai."

Ya ce, "Hoton me, Malam Iro? Fuskata in an taka ta an taka ƙasa. Dubi nan." Ya sa yatsa kan Bisimilla, ya sauko kan sunansa. "Sunan Ubangiji ne har sau nawa a takardar ga. Kuma saboda ni aka sa shi. In na wuce shi shina kwance cikin kwata, me zan ce?"

Na ɗauko sandarsa na miƙa mashi. Wallahi raina ya ɓaci, kuma ba shi nake jin haushi ba.

Ku kwatanta abin da kanku. Kowace safiya ta Allah, kowane gida da kowane shago da aka kai kalandar nan sai ya yagi falle ɗaya. Wasu na adanawa, ban ce babu ba. Amma mai shayi ya goge tebur, tela ya gwada almakashi, mai shara ta haɗa da ƙurar ɗaki ta watsa waje, iska ta ɗauka. Daga gidan Malam zuwa masallaci tafiya ce ta kusa, a da ko da gwiwar tasa ba ta ɗaukar shi komai. Yanzu sai ya tsaya nan, ya duƙa can, ya ga wani falle ya maƙale a wayar shinge ya sa sanda. Tsoho ne, duƙawa ɗaya aiki ce, miƙewa ta fi ta. Mutumin sahun farko ya koma na uku, ya koma na baya. Wata la'asar ina fitowa, liman ya sallame, mutane na neman takalma, sai ga shi yana shigowa da ledarsa. Ya tsaya a gefe ya yi tasa shi kaɗai. Ban iya kallo ba, na bi ta ɗaya ƙofar.

Akwai wata mai ƙosai a kan hanyar, Maman Tabita, 'yar kudancin Kaduna, mijinta ma'aikaci ne. Ita ta fara tare ni.

"Malam Iro, ku ne kuka buga abin nan? Ba ku kyauta ba. Yara na kawo mani takardun in naɗe ƙosai, na duba na ga baban nan ne da rubutun sallarku. Na ce Allah ya kiyaye. Ga su nan ina tara masa a kwano. Amma jiya na ga ya faɗi a gaban shagon mai faci, da ƙyar aka ɗaga shi. Ba shi da 'ya'ya ne?"

Yana da su, sun yi magana har sun gaji. Sun ce ya bari su za su riƙa tsinta. Ya ce to, amma idonsa in ya gani ba ya iya wucewa. Liman ma ya same shi ya ce ba shi da laifi, laifin na wanda ya yar ne. Ya ce ya ji, ya gode. Washegari aka gan shi da ledarsa.

Na wanke ƙafa na tafi GRA. Maigadi ya bar ni a tsaye har rana ta dake ni, sannan aka shigar da ni. Bayan gaisuwa na gaya wa Alhaji Bishir abin da ke faruwa, ban rage komai ba. Na ce a bi wuraren da aka raba a karɓo, ni zan sake masu wata da hoton a kwali, in ma ba su so in sa hannu wani ya yi.

Ya ce, "A karɓo? Malam Iro, kyauta ce fa muka yi. Ka taɓa ganin an bi mutum an ce maido kyauta? Kuma ko'ina ka shiga a garin ga Malam ne a bango. Abin da muke so ke nan."

Na ce, "A bango da safe, Alhaji. Da hantsi yana ƙasa."

"Tsufa ne kawai. Wa ya sa shi tsintar takarda? Bari, zan sa direba ya riƙa kai shi masallaci."

Ya kuwa aika motar, ban hana mashi wannan ba. Ba ta yi sati ba. Daga cikin mota Malam ya fi hango takardun, sai ya ce direba ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ya sauko, ya duƙa, ya koma, a yi gaba kaɗan ya ce tsaya. Direban ya koma ya gaya wa maigidansa ba zai iya ba. Daga nan ban sake jin ɗuriyar tsofaffin ɗalibai ba. Sun yi taronsu, an ɗauke su hoto, sun wuce wurin.

Ni na shiga bi shago shago, ofis ofis, ina roƙo in an yage a aje a kwali zan zo in karɓa. Wasu suka yi, Allah shi biya su. Wani akawu ya ce in ba shi takardar izini. Wani mai shayi ya ce shi bai iya karatu ba, takarda duk takarda ce. Garin Katsina kuwa ba ya biyuwa da ƙafa biyu, kuma kalandar ta kai ƙauyukan da ban taɓa zuwa ba. Shi ya sa nake ce maku, wanda zai hana wannan ɓarna mutum ɗaya ne, kuma lokacinsa ɗaya ne: mai tsarawa, kafin inji ya tashi. In inji ya tashi, babu sarki babu malami da zai tsayar da ita. Ku ne a kujerar nan yanzu. Waya za ta gaya maku wanda aka haifa yau, ba za ta gaya maku inda takardar za ta kwana gobe ba.

Sai aka wayi gari ba a ga Malam a masallaci ba, aka sake wayewa ba a gan shi ba. Na ɗauki abin da na tara da na kwanon Maman Tabita, na nufi gidansa bayan la'asar. Na yi sallama, aka ce in shigo zaure. Yana zaune a tabarma, ƙafafun a miƙe, gwiwoyin sun kumbura sun yi suntum, an shafa masu magani. Gabansa kasko ne da garwashi. Yana ɗaukar fallayen ɗaya bayan ɗaya, ya miƙar da kowanne a cinyarsa, ya sa a wuta, ya jira ya cinye kafin ya ɗauko wani. Tokar, in ji shi, jikokinsa ke haƙa rami a bayan gida su binne. Na zauna ina kallon fuskarsa na murmushi a takarda tana naɗewa tana baƙi, shi kuma ko a jikinsa.

Muka gaisa. Na tambayi ƙafa, ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya karɓi waɗanda na kawo ya yi godiya kamar na kawo mashi goro. Ya ce a gaishe da mai ƙosai. Ya ce layukan ƙasa yana karantawa kafin ya ƙona, bai san akwai ruwan ɗumi a Yankari ba sai bana. Har ya ce kada in riƙe yaran a zuciya, su alheri suka nufa. Yaran, wai Alhaji Bishir. Na matso mashi da sauran fallayen kusa da kaskon.

Aka yi kiran wata salla daga nesa, wani masallacin da ke jinkirta la'asar. Ya ɗaga kai ya saurara har aka gama, hannunsa na kan sandar da ba zai iya tashi da ita ba. Sannan ya juyo.

"Malam Iro, kai ke rubuta kwanaki. Saura nawa shekarar ga ta ƙare?"

Na ɗaga ido ina neman abin da zan duba. Tasa kalandar na rataye a bangon zauren, dunƙulen nan cif, tana nuna ɗaya ga Janairu. Bai taɓa yagar ko falle ɗaya ba.

Ranar, watan Maris ko rabi bai yi ba.